Ku Tambayi Kawu: Tirelar gajeren fim, me za a nuna, me za a ɓoye?

Wasiƙun da suka taru a wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya, maganar tirela, wato ɗan guntun da ake yankowa daga fim don tallarsa. Na ɗebo biyar. Waɗanda suka yi tambaya a kan kamera da fitila su ƙara haƙuri, layinsu na zuwa. Na rage tsawon wasu wasiƙun saboda wuri, gaisuwa kuma na amsa ta a dunƙule: wa alaikumus salam, Allah ya bar zumunci.

Daga Marwa, unguwar Domayo

Kawu, ni ɗalibi ne. Ni da abokaina muka yi karo-karo muka shirya fim na minti 12. Labarin wani yaro ne ɗan acaɓa da wata tsohuwa ta mance ƙullin zane a kan babur ɗinsa. Da ya kwance sai ga kuɗi da takardar asibiti. Shi kuma mai babur yana bin sa kuɗin kwana uku, ya rantse in magariba ta yi bai gani ba zai karɓe makulli. Yaron ya yi ta kokawa da zuciyarsa, daga ƙarshe ya bi takardar har asibiti, sai ya tarar ashe tsohuwar nan mahaifiyar mai babur ɗin ce. Na yanka tirela ta minti 3 na sa a WhatsApp. Kowa ya yaba. Amma da na ce a zo kallo ran Asabar, wani abokina ya ce ai shi ya riga ya gani. Ina matsalar take?

Ɗana, abokin nan naka ya fi duk masu yabon amfani, ka riƙe shi da kyau. Ka duba ma wasiƙarka. Ban tambaye ka ƙarshen labari ba, amma ka zazzage mini shi tas, ga shi yanzu duk mai karanta mujallar nan ya san ko wace ce tsohuwar. Hannun da ya rubuta wasiƙar shi ne ya yanka tirelar.

Mu fara da lissafi. Minti 3 cikin minti 12 rubu'in fim ke nan. A Amurka, inda fim kan kai awa biyu, ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce tirela kada ta wuce minti biyu da rabi, a 2014 ma masu gidajen sinima suka nemi a rage ta koma minti biyu. Wato su wajen kashi 2 cikin 100 suke nunawa, kai ka ba da kashi 25. Fim na minti 12 tirelarsa daƙiƙa 30 ce zuwa 45. In ta kai minti ɗaya, sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Na san inda muka gaji doguwar tirela. Duk wanda ya yi wayo zamanin kaset da faifan sidi ya tuna finafinan Kano da ke shigo mana ta Yola, ta Mubi, ta Banki. Kafin fim ya fara sai ka sha tallar wasu finafinan, kowace da waƙoƙinta da jerin sunayen jarumai, mai shela yana ta kwarara kirari. Waccan tirelar ta yi aikinta a zamaninta, don ɗan kasuwar Ƙofar Wambai da zai sari kaya yana son ya ga su wa suka fito, waƙa nawa ce a ciki, shi kuma mai kallo ya riga ya sayi kaset, yana zaune a falo ba inda za shi. Naka mai kallon yana tsaye ne a bakin hanya, waya a hannu, da kuɗinsa ya sayi data, babban yatsansa kuma yana kan gilashi. Ba shi da jarumin da ya sani a fim ɗinka. Abin da zai tsayar da yatsan nan labari ne kawai.

Gajeren fim kuwa abu ɗaya tak ya mallaka. Dogon fim yana da rassa, in an nuna reshe biyu saura biyar. Naka jijiya ɗaya ce: zai mayar da kuɗin, ko zai biya mai babur? Ka ɗauki tirela tamkar kacici-kacicin da muke yi a dandali muna yara. Kai ne ka faɗi, su kuma su yi ta canka, ba ka buɗe amsa sai sun gaza sun ba ka gari. Garin da za su ba ka shi ne zuwa kallo ran Asabar. Ka rubuta wannan tambayar a takarda ka liƙa a gefen kwamfuta. Duk ɗaukar da ba ta ƙara wa tambayar zafi ba, a waje take, ko da ita ce ta fi ba ku wahala. Na tabbata kuna da wani kyakkyawan hoto na faɗuwar rana a kan yashin Mayo Kaliyawo, ko na inuwar darbejiyar nan da ta rufe titunan Marwa, kowane ɗan Marwa da ya riƙe kamera sai ya ɗauka. In rana mai faɗuwa tana tuna wa mai kallo cewa magariba ta kusa, ta shiga. In don kyau ne kawai, ka bar ta a cikin fim.

Daga nan ka raba fim ɗin gida uku. Kason ƙarshe haramun ne gare ka, ko firam ɗaya, wato hoto ɗaya tak daga cikin jerin hotunan bidiyo, kada ka taɓa. Asibiti kada a ga ƙofarsa. Ka kula kuma da abin da ke tona asiri ta bayan gida: in akwai inda aka ga hoton tsohuwar a bangon ɗakin mai babur, ko inda ya ambaci cewa innarsa ba ta da lafiya, mai wayo zai haɗa biyu da biyu tun daga tirela.

Ni yadda nake yi a shagona nan Garwa, da kunne nake farawa. Sai in juya wa allon baya, in saurari fim ɗin daga farko har ƙarshe, in tsinci magana uku ko huɗu gajeru waɗanda ke tsaye da ƙafarsu ba sai an yi musu bayani ba. Su nake fara jerawa, sannan in nemo musu hoto. Da naka ne a gabana, ga yadda zan gwada. Daƙiƙa huɗun farko, hannu yana kwance ƙullin zane, kuɗi su bayyana. Ba tambarin kamfani, ba sunan kowa, ba baƙin allo. Sai yaron a kan hanya, hayaniyar kasuwa, muryar mai babur ta shigo tun ba a ga fuskarsa ba, yana cewa in magariba ta yi a ajiye masa makulli. Shigar da murya kafin hoto tsohuwar dabara ce, tana jan mai kallo gaba ba tare da ya ji an yanka ba. Sai tsohuwar tana bin 'yan acaɓa ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, sai takardar asibiti kusa-kusa. Daga wajen daƙiƙa ta 22 yanka ya riƙa gajarta, wanda ya ɗauki daƙiƙa uku ya koma biyu, ya koma ɗaya. Sai kiɗa ya ɗauke ɗif, a ji ladan ya fara kiran magariba daga nesa. Kada ka bar kiɗa a ƙarƙashin kiran salla, ba kyau, kuma shirun ya fi kowane kiɗa tsinka zuciya. Yaron yana mararraba, hanya ta rabu biyu, ya taka kik. Yanke nan. Sunan fim, wuri, rana, lokaci, a bar su daƙiƙa shida ko bakwai yadda mutum zai karanta ba gaggawa. Wannan allon ƙarshe da yawa ke mance shi, su yi talla mai kyau amma ba wanda ya san ina zai je.

Ba dole ba ne ka bi jerin da fim ya bi. Wani ɗan fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna wajen shekarar 1920 cewa fuska ɗaya da ba ta motsa ba, in ka haɗa ta da kwanon miya sai a ce yunwa yake ji, in ka haɗa ta da akwatin gawa sai a ce baƙin ciki ne. Fuskar yaronka bayan hoton kuɗi kwaɗayi ce, ita ɗin dai bayan takardar asibiti tausayi ce. Ka yi amfani da ita sau biyu. Iyakar abin dai kada ka yi ƙarya. In fim ɗin natsattse ne, kada ka tattaro gudun babur da ihun da ke ciki ka sayar da shi a matsayin fim ɗin faɗa, wanda ya zo don faɗa zai fita yana zagin ku.

Ka kuma cire duk juye-juyen nan da manhaja ke bayarwa kyauta, hoto ya wulwula, ya tarwatse, ya fito ta tsakiyar tauraro. Ni ma ina sa su a bidiyon biki, don uwar amarya tana so kuma ita ke biya. A tirela yanka tsaf ya isa.

In ka gama, kada ka gwada ta a kan waɗanda suka fito a ciki, kowa fuskarsa zai nema. Ka miƙa wa mai shayin unguwarku a ƙaramar waya, cikin hayaniya, ka tambaye shi abu biyu: me ya gani, kuma me yake son ya sani. In ya iya ba ka ƙarshen labarin, koma ka rage. In ya ce "to ya mayar ko bai mayar ba?", ka gama.

Minti 12 ɗin nan kuma tsawo ne mai kyau. Gasar gajerun finafinai ta Cannes ba ta karɓar abin da ya wuce minti 15. Kusa da mu akwai bukukuwan finafinai, ga Ecrans Noirs a Yawunde tun 1997, ga FESPACO a Wagadugu tun 1969. Bukukuwa da yawa ba sa son fim ɗin da ya riga ya bazu a intanet, don haka fim ɗin ka riƙe shi, tirelar ce za ta yi yawo.

Daga Njamena

Malam, barka da aiki. Na ɗora kiɗan wani fim ɗin Indiya a tirelata don ya dace da ita ƙwarai. YouTube suka ce kiɗan na wani ne, Facebook kuma suka kashe sautin gaba ɗaya. Wani ya ce mini in kiɗan bai kai daƙiƙa 30 ba babu laifi, wani kuma ya ce in rubuta a ƙasa cewa ba nawa ba ne. Wanne ne gaskiya?

Ƙanena, ba ko ɗaya. Maganar daƙiƙa 30 zancen bakin titi ne, rubuta "ba nawa ba ne" kuwa shaida ka bayar a kan kanka. YouTube suna da na'urar da ke gane kiɗa tun 2007. Mai kiɗa ya ba su kwafi, duk abin da aka ɗora sai an gwada shi da wannan kwafin, in ya dace mai shi ke da zaɓi: ya toshe, ko ya bar shi ya riƙa karɓar kuɗin talla. Masu ƙara wa kiɗa sauri don su ruɗi na'ura sun ɓata kiɗan, kuma har yanzu kayan wani ne a hannunsu. Cadi da Kamaru duk suna cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha da aka kafa da yarjejeniyar Bangi ta 1977, hedikwatarta a Yawunde, ku kuma a can kuna da hukumar haƙƙin mawallafa ta BUTDRA. Ranar da za ka tura fim bikin finafinai, akwai takardar da za ka sa wa hannu cewa duk abin da ke ciki kana da izininsa. Kiɗan da ke cikin manhajojin waya ma ka karanta sharaɗinsa, ba duka aka yarda a fita da su ko'ina ba. YouTube suna da rumbun kiɗa na kyauta, wasu sai ka rubuta sunan mai su.

Amma in shawarata kake so, bar rumbun nan. Kiɗan da ke ciki dubban mutane sun riga ka ɗauka, kunne ya saba da shi har ba ya jin sa. Ka nemi mai gurmi ko mai goge ko mai kalangu a unguwarku. Ka kai shi ɗaki mai labule da katifa, da dare bayan an kashe injinan wuta, a kashe fanka, a ajiye waya ko rakoda kamar kamu ɗaya daga kayan kiɗan. Ka roƙe shi abu uku: ya yi mai sanyi na minti biyu, ya yi mai zafi na minti biyu, sannan ya yi maka bugu ɗai-ɗai da tazara a tsakani. Waɗannan ɗai-ɗai ɗin su ne dukiyar mai montaj, wato mai yanka fim da haɗa shi, a kansu za ka riƙa yanka. Ka ce masa nasa na kansa kake so, kada ya kaɗa maka amon wani sanannen mawaƙi, in ba haka ba ka koma gidan jiya.

Ka yi hattara da kalangu, yana magana. Baƙo zai ji kiɗa ne kawai, Bahaushe zai ji take. Kada a kaɗa maka taken mahauta ko kirarin wani attajiri ka je ka shimfiɗa shi a ƙarƙashin zaman makoki, 'yan kallo su fashe da dariya ka rasa dalili. Ka tambayi makaɗin abin da gangar ke faɗa. Haka algaita da kakaki, da an ji su fada ce ke zuwa zuciya, in ba sarauta a fim ɗinka ka bar su.

Ka biya shi, ko da jaka kaɗan ce, ku rubuta a takarda cewa ya yarda a sa a fim, a tirela, a intanet, a bukukuwa. Shaidu biyu su sa hannu. In ba ya rubutu, a ɗauki muryarsa yana faɗa. Ka kuma sa sunansa a fim, sau da yawa wannan ya fi kuɗin daɗi a wurinsa.

Wajen haɗa sauti, magana ce sarki, kiɗa ya rusuna duk inda mutum ya buɗe baki. Ƙara ƙarfi ba ya sayen komai, don YouTube suna sauke duk abin da ya yi ƙara da yawa zuwa ma'auni ɗaya. Wancan rugugin mai kauri da kake ji a tirelolin Amurka don manyan lasifikokin sinima aka yi shi, a wayar hannu ɓacewa yake yi. Kalangu da tafi da ƙarar ƙofa su ke fita tsaf. Kuma ku 'yan Cadi ba ku da uzuri a kan tsoron shiru. Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeshe, wanda ya ci kyautar alƙalai a Cannes a 2010, har aka sake buɗe sinimar Normandie a garinku a 2011, finafinansa ba yawan surutu ba yawan kiɗa, kuma duniya ta zauna ta kalla.

Daga Ngaundere

Hamma, ni mace ce, ɗinki nake yi, fim kuma sha'awa ce. Nawa na minti 9 ne, a kan wata mata da ke zuwa tashar jirgin ƙasa kowace safiya tana jiran mijinta daga Yawunde. A ciki ana Hausa, ana Fulatanci, ma'aikacin tasha kuma Faransanci yake yi. Da wane harshe zan yi rubutun tirela? Sannan duk inda na rubuta ɗ ko ɓ sai ya fito da ɗan akwati.

Ƙanwata, Allah ya yi albarka. Tun daga wasiƙar na ji ina son in san ko mijin ya sauko, kin ga ke kin iya ɓoye amsa.

Harsuna ukun nan ki bar su a tirela yadda suke, haka ake magana a tashar Ngaundere, kuma shi ne abin da ɗan Kano ko ɗan Duwala ba zai iya kwaikwaya ba. Abin da za ki yi, ki fara fitar da tirela wankakkiya, ba rubutu ko ɗaya a kanta, ki adana. Daga ita sai ki yi 'ya'ya. Ta gida, fassarar Hausa a ƙarƙashin Fulatanci da Faransanci. Ta kudu da ta bukukuwa, Faransanci a ƙarƙashin komai, in an nemi Turanci ki ƙara ta uku. Kada ki cusa harshe biyu a allo ɗaya, a waya ba wanda zai karanta. Ko maganar Hausar ma ki rubuta ta a ƙasa, don da yawa suna kallo ne sauti a kashe, a cikin mota ko a gaban surukai.

Layi biyu ne iyaka, kowane layi kada ya wuce haruffa 40 ko kusa da haka, farin rubutu mai ɗan baƙin gefe. Ki karanta shi a bayyane ba sauri, in ya ɓace kafin ki ƙare, ko ki tsawaita shi ko ki rage kalmomi. Wannan ma wani dalili ne na zaɓen gajerun maganganu, don idon da ke karatu ba ya kallon fuska. Fim irin naki fuska ce jarinsa. Ni da zan yanka, magana biyu ta ishe ni, sauran ƙugin jirgi ne da idon matar yana bin masu saukowa.

Akwatin da kike gani kuwa, salon haruffan da kika zaɓa ne ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Ki sauko da Noto Sans, ko Andika, ko Charis, duk kyauta ne, suna da na Hausa suna da na Fulatanci. In manhajar wayarki ba ta karɓar sabon salo, ki rubuta a wata manhajar ki fitar da shi hoto mara bango ki ɗora. Kada ki yarda ki maye su da haruffa marasa lanƙwasa don sauƙi, musamman a sunan fim.

In za ki yi ta tsaye don TikTok da sitatus, kada ki bar manhaja ta datse miki gefe da gefe da kanta. Jirgin ƙasa dogo ne a kwance, a tsaye rabinsa zai tafi. Ki sake zaɓen hotuna, ki fi ba na kusa ƙarfi, rubutu kuma ki ɗaga shi sama kaɗan, ki nisanta shi da gefen dama, don can maɓallan manhajar ke zaune.

Daga nan Garwa

Kawu, Alhajin da ya ba mu kuɗin fim ya ce sai an fara tirela da hoton shagonsa, sannan a sa ɗansa, wanda sau ɗaya ya fito yana miƙa canji. Jarumanmu bakwai kuma kowa ya ce in ba fuskarsa ba zai tura wa kowa ba. Yaya zan yi?

Ɗana, wannan ba kwamfuta ke warware ta ba. Alhaji bai yi laifi ba, kuɗinsa ya sa, kuma a ƙasarmu Kamaru, inda gidajen sinima ukun da suka rage aka rufe su a farkon 2009, sai a 2016 aka sake buɗe sabo a Yawunde, duk wanda ya zuba sisinsa a fim ya cancanci a je har gida a gaishe shi. To ka je har gida, kada ka yi ta waya. Ka tafi da wani babba da yake jin nauyinsa. Ka yanka guda biyu, wadda yake so da wadda kake so, ka bar shi ya kalla a wayarsa. Sannan ka ce, "Alhaji, in shago ya zo farko, mutane za su ɗauka tallar kaya ce su wuce, ba za su kai inda sunanka yake ba. In ya zo ƙarshe, wanda ya gani ya riga ya ji daɗi, da wannan daɗin zai karanta sunanka." Ka ba shi allo nasa shi kaɗai a ƙarshe, daƙiƙa uku cif. Ka ƙara masa da kyautar da bai nema ba: ɗan bidiyo na daƙiƙa 15, shago da ɗansa yana miƙa canji da sunan fim, ya sa a sitatus ɗinsa. Mafi yawan lokaci abin da yake so ke nan tun farko, abin da zai nuna wa abokansa a majalisa.

Jarumai ma haka. Tirela mutum biyu ko uku take ɗauka, fiye da haka ta zama jerin gwano. Ka yanka wa kowannensu ɗan guntu nasa na daƙiƙa goma, ko fosta mai fuskarsa. Aikin yini ɗaya ne, kuma ka sami masu talla bakwai.

Akwai kuma masu akasin wannan buƙatar, su nake so ka fi kula da su. Tirela tana zuwa inda fim ba zai je ba. Yarinyar da ta yarda ta fito a fim ɗin da za a nuna wa mutum hamsin a zaure, ba lallai ta yarda fuskarta ta yi yawo a TikTok har wayar kawunta ko ta mai neman aurenta ba. Ka nuna mata tun kafin ka saki, in da hali a nuna wa gidansu. Haka matan da kamera ta kama a kasuwa, da yara ƙanana. Shingen jami'an tsaro, da soja, da barikinsu, in sun faɗo a bayan hoto, ka cire ɗaukar ɗungurungum.

Daga Kusiri

Kawu, tirelata a kwamfuta tas take, amma da na tura ta WhatsApp ga abokaina a tsallaken gadar Ngeli sai ta dagule. Fitilun cikin ɗaki kuma suna ta ƙifta ido. Kwamfutar ma sai ta riƙa tsayawa in ina aiki.

Ɗana, WhatsApp matse bidiyo yake yi don ya rage nauyi. Wanda kake so ya ga aikin yadda yake, ka tura masa a matsayin takarda, wato fayil, ta nan ba a taɓa shi. Na sitatus kuwa dole a matse, sai dai ka rage ɓarnar: hoto mai duhu da hayaƙi da ƙura su suka fi dagulewa, ka zaɓi masu haske. Ka fitar da MP4, H.264, faɗi 1920 tsawo 1080, ko akasin haka in ta tsaye ce, sauti 48 kHz. Megabit 8 a daƙiƙa ya isa, wato minti ɗaya zai kama wajen megabait 60. Ka tura wa kanka ka kalla kafin kowa. Kuma kullum daga uwar, wato fayil ɗin asali, za ka riƙa turawa, kwafin da ya bi waya uku ya riga ya mutu.

Ƙifta idon fitila daga wurin ɗauka ya samo asali. Wutar lantarkinmu, a Kamaru da Cadi da Najeriya, 50 take bugawa a daƙiƙa, wayoyi kuma yawanci a firam 30 suke zuwa. Nan gaba ka saita firam 25, saurin rufewar idon kamera kuma 1/50. Wanda aka riga aka ɗauka gyaransa wuya gare shi, ka kauce masa a tirela. Ka tabbata kuma adadin firam ɗin tirela daidai yake da na fim.

Tsayawar kwamfuta, ka sa manhajar ta yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi, waɗanda ake kira furoksi, ka yi yanka da su, wajen fitarwa za ta koma kan na asali da kanta. DaVinci Resolve yana da wannan, kuma akwai na kyauta, amma yana son inji mai ƙarfi. In taka tsohuwa ce, Kdenlive ko Shotcut sun fi mata sauƙi. A watan Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ka ɗora ta a kan abin da iska za ta bi ta ƙasa, ka bar fitarwa sai bayan asuba. Hotunan asali kuma ka ajiye su a faifai biyu, ɗaya a shago, ɗaya a gida.